Tarihin Lady Mary Bailey, Matar Da Ta Ratso Kano Ita Kaɗai A Ƙaramin Jirgin Sama

Mutanen Fagge da na Sabon Gari sun daɗe da sabawa da rugugin jiragen sama, domin filin jirgin Malam Aminu Kano maƙwabcinsu ne ta arewa, har ya zamana ɗan kasuwa ba ya ko ɗaga kai in jirgi ya gifta ta bisa rumfarsa. A shekarar 1928 kuwa abin ba haka yake ba. Shekara uku ke nan kacal da fara ganin jirgin sama a Kano, kuma waɗanda aka fara ganin nan na soja ne, masu tafiya a ayari, kowane da matuƙi da makanike. To, wajen ƙarshen wannan shekara ce wata Baturiya, uwar 'ya'ya biyar, mai kimanin shekara 38, ta sauka Kano ita kaɗai cikin wani ɗan ƙaramin jirgi nata na kanta, wanda aka ƙera da katako da zane. Daga Afirka ta Kudu ta fito, Landan kuma ta nufa. Sunanta Lady Mary Bailey.

An haife ta ran 1 ga watan Disamba 1890. Mahaifinta shi ne Derrick Westenra, Lord Rossmore na biyar, wani basarake na lardin Monaghan a ƙasar Ayalan, kuma a gidan sarautarsu na Rossmore ta tashi. Ba ta yi zurfi a makaranta ba. Abin da ta fi ƙwarewa a kai tun tana yarinya shi ne hawan doki da farauta, irin ta sarakunan wannan ƙasa da akan bi dila a guje ana tsallake shinge. A watan Satumba 1911, tana da shekara 20, aka ɗaura mata aure da Abe Bailey, wani hamshaƙin attajiri na Afirka ta Kudu wanda ya tara dukiyarsa a ma'adinan zinariya, kuma ya girme ta da shekara 26. Ta haifa masa 'ya'ya biyar tsakanin 1913 da 1921. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko ta yi aikin sa kai tare da rundunar jiragen saman Ingila, a nan ne kuma ta fara kusantar injuna.

Sai a 1926 ta fara koyon tuƙin jirgi, a wata ƙungiyar masu sha'awar jiragen sama da ke filin Stag Lane a gefen Landan, kuma a ɓoye ta fara. Zuwa farkon 1927 lasin yana hannunta. Ba ta ɓata lokaci ba. Cikin wannan shekara ta zama mace ta farko da ta ƙetare tekun da ke tsakanin Ingila da Ayalan da jirgin sama, sa'an nan ran 5 ga watan Yuli ta hau sama har ƙafa 17,283, abin da ba a taɓa yi da ƙaramin jirgi irin nata ba. Matar mai kamfanin da ya ƙera jirgin, watau uwargidan Geoffrey de Havilland, ita ce fasinjarta a ranar.

Jirgin Da Iska

Kafin mai karatu ya gane nauyin abin da ta yi a Afirka, ya kamata ya san irin jirgin da ake magana a kansa. Sunansa de Havilland Moth, wanda ya fara tashi a watan Fabrairu 1925. Fukafukansa hawa biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, faɗinsu wajen ƙafa 30, kuma ana iya naɗe su a tura jirgin cikin rumfa kamar mota. Gangar jikinsa katako ne, fukafukan kuma zane ne aka ɗame a kan firam aka shafe da fenti. In babu mai babu kaya, nauyinsa bai kai rabin tan ba. Injinsa, mai suna Cirrus, ƙarfinsa wajen na doki 80 ne, gudunsa na tafiya kuwa kimanin mil 80 a sa'a. Matuƙi a fili yake zaune, babu rufi, daga hular fata sai tabarau. Babu rediyo, babu birki. Da hannu ake murɗa farfela kafin inji ya tashi. Abin da matuƙi ya dogara da shi wajen sanin hanya shi ne kamfas da taswira da agogo da idonsa. Wurin zama biyu ne, amma ita ta sa an ɗora mata ƙarin tanki, har jirgin ya zama yana iya yin kamar sa'a 10 a sama bai sauka ba.

Ga irin wannan jirgi, iska ita ce ke da iko da tafiya. Lissafin kuwa mai sauƙi ne, ɗalibi ma zai iya yin sa a bayan littafinsa. Jirgin da ke gudun mil 80 a sa'a, in iska mai gudun mil 30 ta tare shi ta gaba, mil 50 kawai yake ci a ƙasa. Man da zai kai shi mil 800 a ranar da gari ya yi tsit, a irin wannan rana mil 500 zai kai shi, ragowar mil 300 kuwa daji ne ko ruwa. In ta gefe iskar ta biyo, sharrinta ya fi ɓoyuwa, domin hancin jirgi yana nan yana duban inda kamfas ya nuna, amma dukan jirgin ana jan sa gefe kamar kwalekwale a kogi. Iskar gefe mai gudun mil 20, in ta yi sa'a uku matuƙi bai lura ba, ta kawar da shi mil 60 daga hanya. Matuƙa suna da wata ƙa'ida da suke riƙewa: kuskuren digiri ɗaya a kamfas yakan jawo kaucewar mil ɗaya cikin kowane mil 60. Inda akwai kogi ko hanyar jirgin ƙasa, mutum yakan gane ya gyara. Inda babu komai sai rairayi ko kan itatuwa, ba ya ganewa sai mai ya kusa ƙarewa.

Har ila yau akwai wahalar zafi. In rana ta take a ƙasashenmu, ƙasa takan ɗauki zafi, iska mai ɗumi ta riƙa tashi sama ginshiƙi ginshiƙi, wata kuma tana gangarowa a gefenta. Ita ce wadda ungulaye da shirwa ke hawa suna shawagi ba tare da kaɗa fiffike ba, ita ce kuma uwar 'yar guguwar nan da ke kwashe ledoji da ƙaiƙayi a bakin kasuwa. Babban jirgi yakan ratsa ta da ɗan girgiza. Ƙaramin jirgi kuwa ɗaga shi take yi ta sake shi, ta karkata shi hagu ta karkata shi dama, matuƙi yana kokawa da sanda da hannu da ƙafa sa'a bayan sa'a, ga ƙarar inji, ga warin mai, ga taswira tana neman tsere masa. Daɗin daɗawa, iska mai zafi ba ta da kauri, musamman a tudu, saboda haka fiffike ba ya samun abin dafawa sosai, inji ma ƙarfinsa yakan ragu. Shi ya sa matuƙan wancan zamani suke tashi da asuba, su yi ƙoƙarin sauka kafin azahar. Ko a ƙasa ma jirgin bai tsira ba, domin iskar da ta kai mil 40 tana iya ɗaga shi daga inda aka ajiye shi, sai an kafa turaku an ɗaure shi kamar doki.

Daga Landan Zuwa Cape Town

Ran 9 ga watan Maris 1928 ta tashi daga filin Croydon. Ta bi ta Faransa da Italiya da tsibirin Malta, ta ƙetare Bahar Rum, ta bi gaɓar Libiya har Alƙahira. A can ne ta gamu da cikas na farko, kuma na hukuma ne. Turawan da ke mulkin Sudan suka ƙi yarda mace ta ratsa kudancin ƙasar ita kaɗai. Dalilinsu shi ne ƙasar Nuer ba ta zaune lafiya, domin a watan Disamba 1927 an kashe wani jami'in mulki Bature a can. Aka tsare jirginta har sai an sami mai rakiya. Wanda ya fitar da ita shi ne Laftana Richard Bentley na sojan saman Afirka ta Kudu, wanda a 1927 ya yi wannan tafiya shi kaɗai da jirgi irin nata. Shi kuwa a lokacin yana rako wata matuƙiya ce, Lady Heath, ita ma 'yar Ayalan, wadda ta taso daga Cape Town za ta Landan. Matan biyu suka haɗu a Hartum, ɗaya ta nufi arewa ɗaya ta nufi kudu, Bentley ya juya da nasa jirgin ya raka Lady Bailey har ta wuce yankin da ake tsoro.

Abin mamaki, inda hukuma ta ji mata tsoro lafiya ta wuce shi. Haɗarin yana gaba, a Tabora, wani gari a tsakiyar Tanganyika, watau Tanzaniya ta yau, wanda ke bisa tudu wajen ƙafa 4,000 daga teku. Ta iso cikin watan Afrilu da zafin rana, iska tana ta tafasa a bisa filin. Tana cikin sauka jirgin ya kuɓuce mata, ya bugi ƙasa, ya kife. Ita ba ta ji wani ciwo ba, amma jirgin ya tashi daga aiki. Duk abubuwan da aka bayyana a sama, zafi da tudu da rashin kaurin iska, sun taru a wuri ɗaya a wannan rana.

A nan ne dukiyar maigidanta ta yi rana. Ba a daɗe ba aka kawo mata wani jirgin Moth daga Afirka ta Kudu, ta hau ta ci gaba, ta sauka Cape Town ran 30 ga watan Afrilu 1928, bayan tafiyar mil 8,000. Gaskiya ce a faɗa cewa wani matuƙin da ba shi da attajiri a bayansa, a Tabora labarinsa zai ƙare. Amma gaskiya ce kuma cewa kuɗi ba sa riƙe wa mutum sanda a cikin iska, kuma mutane da yawa da suka taɓa kifewa da jirgi ba su sake marmarin hawa ba.

Hanyar Yamma

Da ta ga dama da ta sa jirginta a jirgin ruwa ta koma Ingila tana hutawa, ko kuwa ta sake bin hanyar gabas wadda ta riga ta sani, inda kusan kowane zango ƙasar Ingilishi ce. Ba ta yi haka ba. A watan Satumba 1928 ta kama hanyar komawa ta yamma, hanyar da ta fi tsawo da mil 2,000, wadda kuma matuƙan Ingila ba su san ta sosai ba.

Ta ratsa Rodeshiya ta shiga Kwango, wadda ke hannun Beljiyam a lokacin. A kan kurmin Kwango matuƙi ba ya ganin ƙasa, sai kan itatuwa har iyakar gani, da koguna masu kama da juna. In inji ya tsaya babu wurin sauka, in kuma an faɗa, itatuwa sukan rufe bisa jirgin har mai nema ya wuce bai gani ba. Ga hadari da ke haɗuwa kusan kowace yamma, gajimare ya yi tsiri sama fiye da inda Moth zai iya kaiwa, ba a hawa bisansa, ba a shiga cikinsa, sai dai a kewaye ko a koma. Abin da ya taimake ta shi ne kamfanin jiragen saman Beljiyam, Sabena, ya riga ya fara zirga-zirga a Kwango tun 1925, ya kuma sa an share filayen sauka a tsakiyar kurmi. Daga nan ta haura arewa ta ƙasashen Faransa, kurmi ya yi ta raguwa, har ta fito fili wajen Fort Lamy, garin da ake kira Njamena yanzu, ta juya yamma ta nufo Kano.

Wannan yanki na hanyar an riga an buɗe shi. Ran 27 ga watan Oktoba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, ƙarƙashin Arthur Coningham, suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira, suka biyo ta Hartum da El Fasher da Fort Lamy da Maiduguri, suka sauka Kano ran 1 ga watan Nuwamba, a filin wasan dawakin Turawa da ke wajen gari, zamanin Sarkin Kano Usman. Lokacin da Lady Bailey ta iso, Sarki Abdullahi Bayero ne a kan gado, shekararsa biyu da hawa. Shi Coningham ya zama babban kwamanda a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a watan Janairu 1948 ya ɓace a tekun Atlantika yana fasinja, cikin wani jirgi mai suna Star Tiger da ya yi ta fama da iska ta gaba a kan hanyar Bermuda.

Ga matuƙin da ya taso daga gabas, Kano gari ne mai sauƙin ganewa in sama ta yi garau. Ga Dala da Goron Dutse, ga ganuwa ta kewaye birni, ga layin dogo da ya iso tun 1911. A wajen ganuwa kuma ga unguwanni biyu da ba su yi kama da juna ba ko daga sama: Sabon Gari da titunansa miƙaƙƙu a jere, inda ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu suka zauna, da kuma Fagge, tsohon zangon fatake, inda Buzaye ke sauke raƙumansu da gishiri da dabino. Su waɗannan mutanen Fagge, da za a zaunar da su a bayyana musu aikin matuƙiyar, da sun fi kowa ganewa, domin madugun da ke ratsa Hamada shi ma lissafin da yake yi ke nan: nisan rijiya ta gaba, yawan ruwan salka, da inda iska ta dosa. Bambancin shi ne madugu in ƙura ta taso yakan durƙusar da raƙuma ya jira, mai jirgi kuwa ba shi da wurin tsayawa a sama.

Ƙarshen shekara kuwa shi ne mafarin hunturu. Iskar arewa maso gabas takan kwaso ƙura mai laushi daga kwarin Bodele, can arewa da Tafkin Chadi, ta shimfiɗa ta a kan ƙasar Hausa. A ranar da hazo ya yi kauri, mai tsaye a Fagge ba ya hangen Dala. Matuƙi a sama ba ya ganin inda ƙasa ta ƙare sama ta fara, kuma wanda ba ya ganin wannan layi cikin ɗan lokaci yakan kasa sanin ko jirginsa a miƙe yake ko a karkace. Kano ta ga abin da yanayinta ke iya yi ko ga manyan jirage. Ran 24 ga watan Yuni 1956 wani jirgin kamfanin BOAC ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa cikin hadari, mutum 32 suka rasu. Ran 22 ga watan Janairu 1973 kuma jirgin Boeing 707 da ya kwaso alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka cikin hazo da iska, mutum 176 suka riga mu gidan gaskiya. Waɗannan jirage ne masu injuna huɗu da rediyo da ma'aikata a ƙasa suna yi musu jagora. Sai mai karatu ya auna da jirgin katako mai inji ɗaya.

Akwai kuma wasu da jaridun Landan ba su damu da su ba sa'ad da suke yabon matuƙa. Kowane filin da irin wannan jirgi ya sauka, talakawa ne suka sare itatuwansa, suka tone kututture, suka rushe gidajen gara, sau da yawa bisa umurnin hakimi. Man da aka zuba masa a garwa ya zo, ta jirgin ruwa zuwa Ikko, ta jirgin ƙasa zuwa Kano, inda dogo bai kai ba kuma a kan jaki ko raƙumi ko kan ɗan dako. Tafiyar da ake cewa ta mutum ɗaya ce, hannuwa da yawa ne suka tallafe ta.

Daga Kano ta shiga ƙasar Faransa, ta bi gefen Hamada ta kudu har ta kai bakin teku wajen Dakar, sa'an nan ta juya arewa. Wannan gaɓa, daga Senegal zuwa Maroko, tana da nata haɗarin. Iska a can daga arewa take busowa kusan kullum, watau ta gaba ga mai zuwa Turai, ga hazon teku, ga rairayi. Matuƙan Faransa masu ɗaukar wasiƙu tsakanin Toulouse da Dakar sun san wurin sarai, domin wanda injinsa ya mutu ya sauka a can, mazauna Hamadar sukan kama shi sai an biya fansa. A cikin 1928 ɗin nan ma an riƙe mutum biyu, Reine da Serre, har wata huɗu. Ta wuce lafiya, ta ratsa Sifen da Faransa a tsakiyar sanyin Turai, ta sauka Croydon ran 16 ga watan Janairu 1929. Mil 10,000 ta yi a dawowa, jimla mil 18,000, kuma har zuwa ranar babu macen da ta taɓa yin tafiya mai tsawon haka a jirgin sama.

Aka ba ta kofin Britannia na 1929, wanda akan ba matuƙin Ingila da ya fi kowa bajinta a shekara, bayan kofin Harmon da ta riga ta samu na 1927 da 1928. A watan Janairu 1930 Sarkin Ingila ya ba ta lambar girma ta DBE. Amfanin tafiyar kuwa ya wuce kofi. Ta nuna cewa jirgin da mutum zai iya saye da kuɗinsa, ba na soja ba, yana iya ratsa Afirka ta tsakiya da ta yamma, ta kuma dawo da shaidar cewa Faransa da Beljiyam sun yi wa Ingila nisa wajen shimfiɗa hanyoyin sama a wannan sashe. Sai a watan Fabrairu 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara kawo jirgi Kano daga Hartum a kai a kai. Daga 1940 kuma dubban jiragen yaƙi suka riƙa biyowa ta Kano daga Takoradi zuwa Masar.

Ita dai ba ta zauna ba. Ta shiga gasar kewaya Turai ta ƙananan jirage a 1929 da 1930. A farkon 1931 ta tafi zangon Kharga a hamadar Masar, inda ta riƙa ɗaukar hotuna daga sama domin masu binciken tarihi, Gertrude Caton-Thompson da Elinor Gardner, aikin da ya nuna musu tsofaffin wuraren zama da hanyoyi waɗanda mai tafiya a ƙasa ba ya gani.

Kwana Huɗu A Ƙasar Adar

Ƙasar Hausa ta sake ganin ta sau ɗaya, ba kuma da niyyarta ba. A watan Nuwamba 1932 Amy Johnson ta tashi daga Ingila ta kai Cape Town cikin kwana huɗu da sa'a bakwai ba kaɗan, ta hanyar keta Hamada kai tsaye. Lady Bailey, tana da shekara 42, ta ƙudura za ta rage wannan lokaci. A tsakiyar watan Janairu 1933 ta tashi daga Croydon cikin wani jirgi mai suna Puss Moth, wanda ya fi na da gudu, yana kuma da rufi. Ta sauka Oran a Aljeriya ba ta jin daɗin jikinta, mura ta kama ta, amma ta sha mai ta ci gaba, ta nufi bakin kogin Kwara, da Hamada gaba ɗaya a tsakaninsu.

Irin wannan tsere ya saɓa wa duk dabarun da suka kai ta gida a 1929. A wancan karo tana da lokaci: in gari bai yi kyau ba ta kwana, in ta gaji ta huta. Mai neman karya lokacin wani kuwa dole ya yi tafiyar dare, ya tashi ko iska ta yarda ko ba ta yarda ba, ya yi ta tuƙi ba barci. A kan Hamada da dare babu abin da zai nuna wa matuƙi yawan jan da iska ke yi masa, kuma bisa ƙa'idar nan ta digiri ɗaya, kuskuren digiri biyar cikin mil 1,200 ya isa ya kawar da mutum mil 100. Ba ta iso inda ake jiran ta ba. Aka buga waya ko'ina, jiragen sojan Faransa suka bazu nema. Bayan kwana huɗu suka same ta da ranta a daji kusa da Tawa, a ƙasar Adar cikin Jamhuriyar Nijar ta yau, can gabas da kogin da ta nufa. Ta kauce hanya, mai ya kusa ƙarewa, ta sami fili ta sauka tun tana da sauran iko da jirgin. Wannan shawara ce ta cece ta, tare da sa'ar cewa ta riga ta fito daga tsakiyar rairayi ta shigo ƙasar da mutane ke zaune.

Wata uku bayan haka, cikin Afrilu 1933, wani matuƙi mai suna Bill Lancaster ya tashi neman wannan lokaci ɗin, ya faɗi a Hamada kudu da Reggane. Ya yi kwana takwas a ƙarƙashin fiffiken jirginsa yana jiran masu nema. Sai a watan Fabrairu 1962 sojojin Faransa suka tsinci gawarsa da littafin da ya riƙa rubutu a ciki.

Lady Bailey ta koma Ingila ta kwanta da zazzaɓin taifot, daga nan kuma ba ta sake neman karya lokacin kowa a hanyar Cape Town ba. A Yaƙin Duniya na Biyu ta yi aiki a sashen mata na sojan saman Ingila. Sir Abe Bailey ya rasu a watan Agusta 1940, bayan haka ta koma Afirka ta Kudu da zama. Biyu daga cikin 'ya'yanta maza sun tuƙa jiragen yaƙi. Babban, Derrick, daga baya ya kafa wani ƙaramin kamfanin jiragen sama mai suna Aurigny a 1968. Ƙaramin kuwa, Jim Bailey, shi ne mai mujallar nan Drum, wadda aka fara bugawa a Afirka ta Kudu a 1951, daga baya aka riƙa fitar da bugun Nijeriya daga Ikko, akawuna da 'yan makaranta suna saye a wurin masu jarida har a Sabon Garin Kano. Ita kuwa ta rasu a gidanta da ke Kenilworth, a gefen Cape Town, ran 29 ga watan Yuli 1960, tana da shekara 69.